Rediyon Tauraron Ɗan'adam da Na'urar Nuna Hanya a Kan Babur: Tarihi daga Nima da Mamobi

Gabatarwa

Kalmar "zango" na daga cikin kalmomin Hausa da suka yi tafiya mai nisa. A asalinta tana nufin wurin da ayarin fatake kan sauke kaya su kwana, tana kuma nufin tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. Da rediyo ya zo, ma'aikatansa suka ari ma'ana ta biyu, suka ce gajeren zango da matsakaicin zango. A ƙasar Gana kuwa ma'ana ta farko ce ta kafu, har ta zama sunan unguwannin baƙi 'yan arewa a kowane babban gari, inda ake rubuta ta Zongo. Ke nan dattijon da ke zaune a ƙofar gidansa a Nima yana murɗa akwatin rediyo da asuba, yana cikin zango ne yana neman zango.

Tsakanin Oktoban 1999 da Mayun 2000 aka buɗe wa mazauna waɗannan unguwanni ƙofofi biyu daga sararin samaniya. Ta farko ita ce rediyon tauraron ɗan'adam na kamfanin WorldSpace, wanda ya yi alkawarin sauti garau ba tare da ƙugin gajeren zango ba. Ta biyu ita ce GPS, tsarin gano wuri na sojojin Amurka, wanda a wannan lokaci aka cire masa takunkumin da ke rage daidaitonsa ga farar hula. Kamfanin rediyon ya durƙushe kafin ya cika shekara goma yana watsa shiri. GPS kuwa yau yana ɗaure a kan hannun baburan da ke zirga-zirga tsakanin Nima da Mamobi da sauran sassan Akra. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka yi haka, da abin da ya sa mai zaƙin murya ya faɗi, wanda kusan ba ya cewa komai ya ɗore.

Zango da mazaunansa

Alaƙar Hausawa da ƙasar da yau ake kira Gana ta samo asali daga fataucin goro zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga. A ƙarshen ƙarni na 19 abubuwa biyu suka karkato da jama'a zuwa bakin teku. Turawan Ingila sun ɗauki Hausawa aikin soja, sun yi amfani da su a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa wasu garuruwa. A Akra, wadda tsofaffin Hausawa ke kira Ankara, an fara zama a tsakiyar gari, daga baya Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20.

Nima ta biyo baya. Ana danganta kafuwarta da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai cinikin shanu, wanda ya sami fili daga dangin Odoi Kwao na Osu a shekarun 1930. Bayan yaƙin duniya na biyu unguwar ta cika da tsofaffin sojoji da leburori da 'yan kasuwa, ta tumbatsa zuwa Mamobi. Mazaunanta sun haɗa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Mosawa da Dagwamba da Kotokoli da Yarabawa da wasunsu, Hausa kuma ita ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci.

Siffofi biyu na wannan tarihi suna da muhimmanci ga batun da ake magana a kai. Na ɗaya, unguwannin sun ginu ne kafin a zana musu taswira. Gida ya jingina da gida, lungu ya haifi lungu, rufin kwano ya kusa taɓa rufin kwano. Na biyu, zukatan mazauna suna rabe tsakanin nan da can. Dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969, a zamanin gwamnatin Kofi Busia, ta ba wa marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasar, ta raba iyalai da dama tsakanin Akra da Nijeriya da Nijar. Mutanen da 'yan'uwansu ke Kano ko Sakkwato ko Yamai ba sa wasa da labarin nesa, mutanen da gidajensu ba su da lamba kuma ba sa wasa da kwatance.

Daga akwatin waya zuwa gajeren zango

Rediyo ya fara a Akra ranar 31 ga Yulin 1935, lokacin da Gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar da aka sa wa suna ZOY. Ba ta iska take zuwa ba. Waya ake ja daga tashar zuwa akwatin lasifika a gidan wanda ya biya, tana maimaita shirye-shiryen BBC ga 'yan ɗaruruwan gidaje. A shekarun yaƙi aka shigo da harsunan ƙasa, daga bisani Hausa ta shiga cikinsu, ta kuma ci gaba da zama ɗaya daga cikin harsunan gidan rediyon ƙasa, GBC, tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani.

Gana ta sami 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957. Mako guda bayan haka, ranar 13 ga Maris, BBC ta fara watsa shiri da Hausa daga Landan. A 1961 Kwame Nkrumah ya buɗe sashen ƙetare na Rediyon Gana, wanda Hausa ke cikin harsunansa. Rediyon Jamus da na Sin suka fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Yawancin waɗannan muryoyi sun iso zango ne ta gajeren zango.

Yadda gajeren zango ke aiki shi ne tushen ƙarfinsa da rauninsa. Can sama, daga wajen kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita, akwai wani rufin iska da hasken rana ke cika shi da lantarki, wanda masana ke kira ayonosfiya. Igiyar rediyo mai bugu tsakanin megahaz 3 zuwa 30 kan daki wannan rufi ta dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Ta haka tashar BBC da ke tsibirin Ascension a tsakiyar tekun Atlantika, da ta Rediyon Jamus da ke Kigali kafin a rufe ta a 2015, suka riƙa kai murya Afirka ta Yamma. Sai dai rufin ba ya zama wuri ɗaya. Yana sauyawa tsakanin dare da rana, da kuma tsakanin damina da rani, shi ya sa murya kan zo ta tafi kamar ana kaɗa ta da iska, shi ya sa kuma gidajen rediyo ke sauya mita tsakanin shirin safe da na yamma.

Ingancin sauti da kunnen mai jin Hausa

Ga ɗalibin Hausa, ingancin sauti batu ne da ya shafi ma'ana. Hausa na bambanta kalmomi da karin sauti, kamar yadda kuka na hawaye ya bambanta da kuka ta miya, tana kuma bambanta su da tsawon wasali da baƙaƙe masu ƙugiya, kamar baki da baƙi, ko kafa da ƙafa. Karin sauti yana tafiya ne a ƙananan amo na murya, don haka yakan tsira ko a rediyo mai ƙugi. Sautuka irin su s da ts kuwa, yawancin ƙarfinsu na can sama da bugu 4,000 a daƙiƙa, alhali gajeren zango ba ya ɗaukar abin da ya wuce wajen 5,000. Bambancin k da ƙ kuma abu ne na ƙiftawar ido, tartsatsi guda na iya haɗiye shi. Zangon FM yana kai wa 15,000, shi ya sa murya ke fita a cikinsa kamar mai magana na zaune a ɗakin.

Akwai wani dalili da ya ƙara wa wannan batu nauyi a Akra. Hausar Gana, wadda masana ke kira Gananci, ta bi tata hanyar. Da yawa daga masu magana da ita ba sa rarrabe jinsin namiji da na mace a nahawu, ba sa kuma fitar da baƙaƙe masu ƙugiya kamar yadda Bakano ke yi. Ga irin wannan mai sauraro, rediyon ƙetare ya zama taga da yake jin daidaitacciyar Hausa ta cikinta kowace rana, amma taga ce mai ƙura.

A tsakiyar shekarun 1990 al'amura suka sauya. A 1994 jami'an tsaro suka rufe Radio Eye, tashar da Charles Wereko-Brobby ya buɗe a Akra ba da izini ba, rikicin da ya biyo baya kuma ya taimaka wajen buɗe fagen ga 'yan kasuwa. Joy FM ta fara aiki a 1995, tashoshi suka yi ta ƙaruwa, har aka kai ga samun irin su Marhaba FM masu magana da mutanen zango da Hausa. Wannan shi ne fagen da rediyon tauraron ɗan'adam ya tarar.

WorldSpace da tauraron AfriStar

Noah Samara, lauya haifaffen Habasha mazaunin Washington, shi ya kafa WorldSpace a 1990. Ya sha bayyana cewa yaɗuwar cutar ƙanjamau a Afirka, da rashin hanyar isar da bayani ga jama'a, su suka tunzura shi. A Oktoban 1998 aka harba tauraron AfriStar daga Kourou a Kudancin Amurka, aka ajiye shi a nisan kilomita 35,786 bisa tsakiyar duniya, daidai layin digiri 21 gabas. A wannan nisa tauraro kan zagaya daidai da juyawar duniya, don haka mai kallo daga ƙasa zai gan shi tsaye wuri ɗaya dare da rana. Watsa shiri ya fara a Oktoban 1999, da haske uku da suka rufe yammaci da gabashi da kudancin nahiyar.

Sautin yana zuwa ne a matsayin lambobi, a matse da dabarar MP3, a zangon da ke tsakanin megahaz 1,452 da 1,492. Ana auna yawan bayanin da ƙwayar da ake kira bit. Tasha na iya sayen bit 16,000 a daƙiƙa ta sami sauti kamar na matsakaicin zango, ko ta sayi har 128,000 ta sami sauti kusa da na faifan CD. BBC da CNN da Rediyon Faransa na cikin waɗanda aka riƙa kamawa. Babu ƙugi, babu sauya mita, ruwan sama kuma bai cika damun wannan zango ba kamar yadda yake yanke hoton talabijin na tauraro. Daga Akra tauraron yana ta gabas, sama da digiri 60 daga doron ƙasa, matsayin da ya fi na masu kallo daga Turai sauƙin gani.

Amma sharuɗɗan suna da nauyi. Dole a sayi akwati na musamman, waɗanda kamfanonin Hitachi da JVC da Panasonic da Sanyo suka fara ƙerawa, kuɗinsa kuma ya haura dala 200. A shekarar 2000 kuɗin Gana, sidi, ya rasa kusan rabin darajarsa a kan dala, wato akwatin ya ninka tsada a daidai lokacin da ake tallarsa. Daga baya aka ƙara da kuɗin wata. Ga kuma sharaɗin eriya, wani ɗan faifai mai faɗin tafin hannu da dole ya kalli tauraron ido da ido. Bango ko rufin kwano ko inuwar babbar bishiya sun isa su yanke shi. Rediyon lambobi kuma ba ya dusashewa a hankali kamar gajeren zango, inda kunne kan tsinci magana a cikin ƙugi. Ko dai a ji shi cikakke, ko a ji shiru.

Inda tsarin ya yi amfani sosai shi ne inda aka girke shi wuri ɗaya. A Nijar, shirin RANET, wanda cibiyar nazarin yanayi ta ACMAD da ke Yamai ke cikin waɗanda suka assasa shi, ya yi amfani da akwatunan WorldSpace wajen sauke hasashen yanayi ga ƙananan gidajen rediyon karkara irin na Bankilare, su kuma su mayar da shi harshen jama'a su watsa a FM. A kasuwa kuwa ciniki bai yi ba. Masu biyan kuɗin wata ba su wuce wajen 200,000 ba a duk duniya, mafi yawansu kuma a Indiya suke. A Oktoban 2008 kamfanin ya shigar da takardar karyewar jari a kotun Amurka.

Abin da ya hana shi hawa babur

Babur shi ne ma'auni mafi tsanani ga kowace na'urar sauraro, domin yana juyawa kowane lokaci, yana ratsa ƙarƙashin gada da gefen dogon gini, yana kuma da ƙarar kansa. A Amurka, inda rediyon tauraron ɗan'adam ya yi nasara, an kashe maƙudan kuɗi don shawo kan wannan matsala. Kamfanin XM, wanda WorldSpace ke cikin masu jarinsa na farko, ya fara aiki a 2001 da taurari biyu masu aika saƙo iri ɗaya daga kusurwa biyu. Akwatin kan adana 'yan daƙiƙoƙi na sautin don cike giɓi idan an gifta wani abu, an kuma kafa ɗaruruwan tashoshin maimaitawa a kan gine-ginen manyan birane. Sirius, wanda ya fara a 2002, ya zaɓi taurari uku masu kewayawa ta yadda kullum za a sami ɗaya can sama bisa kai. Kamfanonin biyu sun haɗe a 2008.

Da wannan tanadi ne rediyon tauraro ya hau manyan baburan yawon buɗe ido irin su Harley-Davidson da Honda Gold Wing. A 2006 kamfanin Garmin ya fitar da zūmo 550, na'urar nuna hanya da aka yi musamman don babur, wadda ruwa ba ya shiga, ake kuma iya haɗa ta da eriyar XM. A kan wannan na'ura guda mahayi na iya kwatanta ayyukan biyu. Idan ya shiga kwari ko hanya mai rufin bishiyoyi, waƙa kan yanke, taswira kuwa ta ci gaba da tafiya. Ingancin sautin ma bai kai yadda aka yi talla ba, saboda an cusa tashoshi fiye da 100 cikin ɗan zango, aka matse kowace, tashoshin magana suka fi shan matsi. Ƙarar iska a cikin hular kwano a babbar hanya kuma kan kai matakin da ke lahanta ji, ta shafe duk wata ƙawar sauti.

A Afirka WorldSpace tauraro ɗaya yake da shi, ba shi da tashar maimaitawa a ƙasa. Mahayin babur a Nima ya riga ya sami abin da ya fi masa sauƙi: ƙaramar wayar salula mai FM a ciki, wadda igiyar iyafis ke zame mata eriya. Ba ta neman kuɗin wata, ba ta damu da rufin kwano ba, tana kuma kawo masa sanarwar ɗaurin aure da jana'izar unguwarsa, abin da tauraro mai rufe rabin nahiya ba zai yi ba.

GPS: tauraron da ke faɗin lokaci kawai

An harba tauraron GPS na farko a 1978. Bayan da Tarayyar Sobiyat ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya kauce hanya a 1983, Shugaba Ronald Reagan ya yi alkawarin buɗe tsarin ga farar hula. An kammala shi a 1995 da taurari 24 masu kewaya duniya sau biyu a rana a nisan kimanin kilomita 20,200. Sai dai da gangan ake gurɓata siginar farar hula, har kuskure kan kai mita 100. A farkon Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin daina gurɓatawar, kuskuren ya ragu nan take zuwa 'yan mitoci a fili. Rasha da Tarayyar Turai da Sin suna da nasu tsarin, GLONASS da Galileo da BeiDou, wayoyin yau kuma kan saurari da dama daga cikinsu a lokaci guda.

Abin lura shi ne GPS na amfani da megahaz 1,575.42, maƙwabcin zangon WorldSpace. Rufin da ke tare ɗaya yana tare ɗayan. Bambancin yana cikin abin da kowanne ke ɗauke da shi. Rediyo na buƙatar dubban bit a kowace daƙiƙa, ba yankewa, daga tauraro guda. Tauraron GPS bit 50 kacal yake aikawa a daƙiƙa, abin da yake faɗa kuma bai wuce sunansa da matsayinsa da lokacin agogonsa ba. Na'urar da ke ƙasa tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta mayar da shi nisa. Ma'aunin yana da tsauri, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 300. Idan ta ji taurari huɗu, ta san inda take. Ba dole su zama wasu huɗu na musamman ba. In gini ya tare na gabas, na yamma da na bisa kai sun wadatar. Kowane tauraro kuma yana maimaita tambarinsa sau 1,000 a daƙiƙa, wanda ke ba na'ura damar tsamo shi ko da ya fi hayaniyar sarari rauni. In an rasa sigina na ɗan lokaci, waya kan yi kirdado daga saurin tafiya da alkiblarta.

Akwai kuskuren fahimta da ya kamata a gyara a nan. Tauraron GPS bai san kowa ba, ba ya ganin kowa, ba ya kuma magana. Taswira daga ma'ajiyar waya ko intanet take zuwa, muryar da ke cewa a juya dama ko hagu kuma a cikin wayar ake haɗa ta. Shi ya sa take fita garau a kullum: ba ta yi wata tafiya ba balle ta gaji. Siginar kanta kyauta ce, ɗan guntun da ke kama ta kuma ya yi arha har ya shiga kowace waya mai taɓawa.

Okada, aike da adireshi

Babur na haya yana da sunaye da yawa: acaɓa a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Nijar, okada a kudancin Nijeriya, sunan da ya samo asali daga wani kamfanin jiragen sama na Okada Air, wanda kuma shi ne ya bi hanya har Gana. Dokar hanya ta Gana ta 2012, L.I. 2180, a sashe na 128, ta haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, amma ta keɓe aikin kai saƙo da kaya. Haramcin bai hana sana'ar bunƙasa ba, har ta zama abin yaƙin neman zaɓe a 2020, lokacin da John Mahama ya yi alkawarin halatta ta. Keɓewar da aka yi wa aike ita ce ƙofar da GPS ya bi ya hau babur a Akra. Uber ta shigo da motoci a 2016, kamfanonin kai abinci suka biyo baya da babura. Wasunsu ba su daɗe ba: Jumia ta rufe sashen abincinta, Glovo ta bar Gana a 2024. Amma al'adar ɗaure waya a hannun babur, da ta aika wa mahayi wuri ta WhatsApp, sun zauna.

Ga matashin zango da ya karɓi babur bisa yarjejeniyar biyan mai shi kullum ko mako-mako, wannan batu ne na abinci. Da can sai wanda ya san gari yake aikin aike. Yanzu wanda ya iso daga Tamale ko Bawku wata uku da suka wuce yana iya ɗaukar tuwon zafi, ko shinkafa da wake da 'yan Gana ke rubutawa waakye, daga Nima ya kai East Legon ba tare da ya taɓa zuwa can ba. Kowane minti da ya ɓata yana neman gida mai ne ya ƙone, wani aiken kuma ya wuce shi.

Gwamnati ma ta juya ga taurari don magance rashin adireshi. Ranar 18 ga Oktoban 2017 Shugaba Nana Akufo-Addo ya ƙaddamar da GhanaPostGPS, tsarin da ya yanka ƙasar gaba ɗaya gida-gida, kowane mita 5 tsawo mita 5 faɗi, ya ba kowanne lamba mai farawa da haruffa biyu na yanki da gunduma. Ga unguwar da ta shekara tamanin ana kwatanta gidajenta da sunan mai gida, wannan shi ne karo na farko da kowane ɗaki ya sami abin rubutawa a takardar banki ko ta katin ɗan ƙasa.

Iyakar tauraro a bakin lungu

Duk da haka GPS na da nasa rauni, kuma a zango ne yake fi bayyana. A cikin lungu ɗan siririn sama kawai waya ke gani, taurarin da take ji sun taru a layi ɗaya, lissafi ya yi rauni. Rufin kwano kuma madubi ne ga igiyar rediyo. Sigina kan daki rufi ta karkato kafin ta iso, waya ta ɗauka tafiyar ta fi haka nisa, ɗigon da ke kan taswira ya yi tsalle zuwa gidan maƙwabci ko ƙetaren babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi. Kuskuren mita 10 ba komai ba ne a kan babban titin Kanda, amma a inda faɗin hanya bai kai mita 2 ba yana iya zama lungu uku. Rufin ayonosfiya, wanda ya kasance gada ga gajeren zango, shi ma cikas ne a nan: yana jinkirta siginar GPS, kuma a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya kamar Gana yakan rikice bayan faɗuwar rana ya sa ta rawa.

Sannan sanin wuri daban, sanin hanya daban. Lambobin tauraro ba su da amfani in taswira ba ta san lungun ba, ko ba ta san cewa yana ƙarewa da matakala ko gadar katako ba. Wannan ya sa a ƙarshen shekarun 2010 shirin Open Cities Accra, da tallafin Bankin Duniya, ya tura matasa da ƙafa su zana gidaje da magudanun ruwa na wasu unguwanni masu fama da ambaliya, ciki har da Nima, su ɗora a taswirar OpenStreetMap. Har yau mafi yawan aike a zango da kiran waya yake ƙarewa. Mahayi ya tsaya a bakin titi ya ce, "Hajiya, ga ni a gaban masallaci, ta ina zan shigo?" Ita kuma ta ce ya wuce mai koko, ya bi hannun hagu, zai ga yaro a tsaye yana jiransa. Ayarin goro na da madugu mai shugabanci da jagaba mai sanin hanya; tauraro ya karɓi aikin jagaba a kan manyan tituna, ya bar wa mutanen unguwa zangon ƙarshe. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.

Kammalawa

An ga yadda fasahohi biyu masu amfani da zango kusan ɗaya suka iso Akra a lokaci kusan ɗaya, suka yi ƙarshe mabambanci. Rediyon tauraron ɗan'adam ya fi gajeren zango kyawun sauti nesa ba kusa ba, amma ya nemi akwati mai tsada da kuɗin wata da buɗaɗɗen sama da zama wuri ɗaya, a unguwar da kuɗi ke da wuya, sama ke da ƙunci, jama'a kuma ke neman abinci a kan tafiya. FM da wayar salula sun biya buƙatar da ya zo biya tun kafin ya kafu. GPS ya nemi kaɗan, ya jure katsewa, ya shigo cikin na'urar da mutane suka riga suka saya don wani dalili. Darasin da ɗalibi zai ɗauka shi ne cewa ba a auna fasaha da ƙololuwar abin da take iya yi a fili, sai da abin da ya rage mata idan ta shiga lungu. A Nima da Mamobi labarin nesa ya koma FM da intanet, gajeren zango na nan a hannun dattawa, kwatancen mita hamsin na ƙarshe kuma har yanzu da Hausa ake yin sa.